Baba Soja Mai Gammo

Zuwa ga Edita,

 A wannan mako ina roƙo ku yi mini haƙuri in ajiye zancen ofis da na kasuwa da na saba kawo muku, in ɗauko wata magana da ta daɗe tana ci mini rai. Bashi ne a kaina, mai bashin kuwa ya riga mu gidan gaskiya, saboda haka ba ni da inda zan kai biya sai gabanku.

Ga abin da ya ta da maganar. Kwanan baya aiki ya kai ni Kaduna tare da wani yaro, sabon akawu a ofishinmu. Muna cikin mota muka wuce ta barikin Dalet, sai ya dube ni ya ce, "Malam, wai shi Dalet ɗin nan wane Bature ne? Gwamna ne ko Razdan?" Na ce masa ai ba Bature ba ne, ba ma mutum ba ne. Sunan wani kogi ne a lardin Arakan, cikin ƙasar Burma, wadda tsofaffinmu ke kira Bama, aka kuma sake mata suna Myanmar a 1989. Na ce haka Kalapanzin, shi ma kogi ne a can. Barikin Chindit na Zariya kuwa sunan wata runduna ce da ta yi yaƙi a bayan mutanen Japan a 1944, da bataliya uku ta sojan Nijeriya a cikinta. Yaron ya yi shiru, can ya ce, "To, mu me ya kai mu can?"

Wannan yaro ya yi makaranta, ya ci jarrabawa, hannunsa da kyau. Ban ga laifinsa ba, don ba a san abin da ba a faɗa ba. Laifin na waɗanda aka faɗa wa ne suka yi sakaci, ni kuwa ina cikinsu.

A garinmu, can ƙasar Zazzau kusa da hanyar jirgi, akwai wani tsoho maƙwabcinmu, katangarmu ɗaya. Ba zan faɗi sunansa ba, don iyalinsa na nan, ban kuwa nemi izninsu ba. Mu dai tun muna yara Baba Soja mu ke ce masa, har manya ma sunan yanka ya ɓace musu. Dogo ne siriri, amma wuyansa ya ƙage, in zai dube ka sai ya juyo da dukan jikinsa. Ya yi gadi a wani kanti shekaru da yawa har ƙarfi ya ƙare, sa'an nan ya koma zama gindin durumi a ƙofar gida, yana tufkar igiya yana sayarwa.

Abu biyu mu ke yi masa dariya a kai. Na fari, ko wane lokaci jirgin sama ya gitta, sai ya ajiye igiya, ya ɗaga dukan jikinsa yana dubansa yana murmushi har ya ɓace. Na biyu, ba ya barci da damina. In hadari ya taso da dare mu kan ji shi ta bayan katanga yana kai da kawowa, wani lokaci yana kiran wani suna. Mu yara mu kan bi bayansa muna cewa lef, rai, lef, rai. Manya kuma waɗansunsu su kan ce, "Wane irin soja? Ɗan dako ne, kaya ya je ya ɗauka, ko bindiga bai taɓa harbawa ba." Yana jinsu, bai taɓa tanka musu ba.

Ni an sa ni makarantar mishan, na fara jin ɗan Turanci, ina ji da kaina ƙwarai. Ran nan, ina ɗan shekara goma sha huɗu, na taso daga makaranta sai ya kira ni ya ce, "Kai Akawu, zo nan." Shi ya fara kirana da wannan suna tun ban san ƙofar ofis ba. Ya shiga ɗaki ya fito da wani ƙaramin akwatin ƙarfe ya buɗe. A ciki akwai littafin sallamarsa, da lambobin yaƙi uku, ɗaya tauraro ce ta waɗanda suka je Burma, da wani ɗan ƙyalle rawaya mai siffar baƙin gizo-gizo, da kuma wani tsohon tsumma da aka naɗe shi kamar gammo. Ya ce ya ji labari ana ba tsofaffin soja wani taimako, yana so in rubuta masa takarda zuwa wani ofis. Na rubuta. Ya biya ni da rake. Daga baya na sake rubuta uku ko huɗu, amsa ɗaya tak ta zo, aka ce ya aiko da wata takarda da shi bai taɓa jin sunanta ba. Da na karanta masa sai ya yi dariya ya ce, "Rabu da su, Akawu, wanda ya ci da ni shekara sittin bai gaji ba."

Wajen rubutun takardun nan ne na ji labarinsa, gutsure gutsure. Ya ce yaƙi na tsakiya Hakimi ya aiko wa Dagaci a ba da samari. Aka nuna wansa, shi kuwa wan yana da mata da 'ya'ya biyu, sai Baba ya ce a ɗauke shi a madadinsa. Aka kai su Zariya aka koya musu fareti, aka sa su jirgin ƙasa zuwa Ikko, daga nan aka zuba su jirgin ruwa. Ya ce shi da bai taɓa ganin ruwan da ya fi kogin Galma ba, sai ga shi mako da mako bisa ruwan da ba shi da gaɓa, ga shi kuma ba ya shawuwa. Suka kewaya ta ƙurewar Afirka ta Kudu, suka sauka Bombai a ƙasar Indiya.

Bayan da na girma na nemi littattafan tarihi na karanta, na tarar duk abin da tsohon nan ya faɗa mini yana kan hanya, shi da bai iya karanta ko sunansa da boko ba. Ƙyallen nan mai gizo-gizo alama ce ta Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda aka haɗa a Nijeriya a 1943 da sojan Nijeriya da na Gwalkwas, watau Ghana ta yanzu, da na Saliyo da na Gambiya. Janar Woolner, shugabanta na fari, ya ɗauko alamar daga tatsuniyar Asantawa, inda su ke da nasu Gizo mai wayo kamar namu. Rundunar ta isa Indiya cikin Agusta 1943. Ƙanwarta, Runduna ta 82, ta bi ta a 1944. An ƙiyasta mutanen Afirka ta Yamma da suka je wannan fage sun kai 90,000, fiye da rabinsu daga Nijeriya.

Inda aka tura su Baba shi ne kwarin kogin Kaladan, cikin lardin Arakan. Ƙasa ce ta tuddai masu tsayi da kurmin gora, da rafuffuka ba iyaka, ba hanyar mota, waɗansu wurare ko alfadari ba ya iya hawa. Da adda da diga suka sare hanyar ƙaramar mota mai tsawon kimanin mil 75 don su shiga kwarin. Da suka yi nisa kuwa abinci da harsashi duk ta sama a ke kawo musu, jirgi ya zo ya sako kaya da laima ya juya. Ita ce babbar runduna ta fari a wannan fage da aka ciyar da ita ta sama ɗungum. Sai a nan na gane murmushin Baba. Ya taɓa ce mini, "Ku in kun ga jirgi ƙarfe ku ke gani. Ni shinkafa na ke gani da gishiri."

To, jama'a, in jirgi ya sako kaya ya tafi, wa zai kwashe su ya hau tudu da su? A nan aikin su Baba ya ke. Rundunonin nan biyu suna da ƙungiyoyi na musamman na 'yan dako, sojoji ne masu lamba da kaki kamar kowa, aikinsu ɗaukar kaya a ka. Su ke ɗaukar akwatunan harsashi, da ƙananan igwa da aka kwance, da na'urar waya, da magani, da abinci, ga kuma nasu kayan kwana a baya. In an yi rauni su ke ɗauko mutum daga bakin daga. Saboda su ne rundunar ta iya bin inda abokan gaba ba su zaci mutum zai biyo ba. Baba ya ce makaminsa adda ce. In wuta ta buɗe mai bindiga ya kan kwanta ya rama, shi kuwa ɗan dako sai ya kwanta ya rungume akwatin, don doka ce ba a yar da kaya. Ga matsattsaku suna shan jini, ga zazzaɓi, ga atuni, ga ruwan sama da ya kan kwana ya wuni bai ɗauke ba. Da na gaya masa wai alamar Runduna ta 82 masu biyu ne da aka gicciya bisa gammo, sai ya yi ta dariya har da hawaye, ya ce, "Ashe ko Turawa sun san darajar gammo. Sai a je a gaya wa mutanen garinmu."

Yanzu na zo kan bashin. Wata rana da yamma, hadari na haɗuwa, na tambaye shi labarin tsumman nan da ke cikin akwati. Ya daɗe bai ce kome ba. Can ya ce, "Ba nawa ba ne. Na abokina ne."

Ya ce tun daga Zariya suka haɗu da wani saurayi mutumin ƙasar Katsina, sa'ansa. Kwanonsu ɗaya, bargonsu ɗaya, in ɗaya ya gaji ɗaya ya kan rage masa kaya a ɓoye. Cikin Maris 1944 mutanen Japan suka juyo musu da ƙarfi a Kaladan, har rundunar ta ja da baya, wannan kuwa yana cikin littattafai. Ya ce a cikin jan bayan nan ne suna ƙetare wani rafi da dare, ruwa iya ƙirji, aka buɗe musu wuta daga gaɓa. Harsashi ya sami abokin a ciki. Baba ya kai akwatinsa gaɓa, ya komo cikin ruwa ya ɗauko shi. Kafin asuba rai ya yi halinsa. Amma kafin ya cika ya riƙe hannun Baba ya ce, "In Allah ya mai da kai gida, ka nemi tsohuwata ka gaya mata inda na kwanta, ka ce mata an yi mini salla." Baba ya ce ya ɗauka. Su uku suka haƙa rami da adda a gindin gora, suka yi masa salla cikin duhu ba mai ɗaga murya, suka rufe shi, suka ɗauki kayansu suka bi sahu. Gammonsa kaɗai Baba ya ɗauko.

Sauran labarin yaƙin kun san shi, ko kuwa ya kamata ku sani. Rundunar ta sake komawa Kaladan a ƙarshen 1944, cikin Janairu 1945 ita da ta 82 suka ci Myohaung, tsohon birnin sarakunan Arakan, wanda sunansa ke kan wani bariki a Ikko. Japan ta ba da kai cikin Agusta 1945. Galibin sojanmu sai a 1946 suka iso gida. Aka tarye su da kiɗa da guɗa, har Malam Sa'adu Zungur ya yi musu waƙar Maraba da Soja. Amma maraba ta yini ɗaya ce, zama kuwa na shekaru ne.

Baba ya ce da ya karɓi ɗan kuɗin sallamarsa bai fara da neman aure ba, sai ya nufi ƙasar Katsina. Sau biyu yana zuwa. Ya tarar ƙauyen da abokin ya faɗa masa akwai masu irin sunansa fiye da ɗaya, ya bi biyu, ba wanda ya san yaron, guzuri ya ƙare ya komo. Littafin soja kuwa bai taimake shi ba, don a zamanin nan sau da yawa a kan rubuta mutum da sunansa da na babban garin ƙasarsu kawai, wane Kano, wane Katsina, wane Sakkwato, ba sunan uba ba na ƙauye. Haka ya zauna da saƙon nan shekara sittin. Sunan da mu ke ji yana kira da damina, ashe shi ne.

Ya dube ni ya ce, "Akawu, tsohuwar ta daɗe da rasuwa, wannan na sani. Amma ba a rasa ɗan wa ko jikan ƙane. An ce jarida tana shiga inda ƙafa ba ta kai ba. Ka rubuta sunansa da na ubansa da na ƙauyensu, ka aika a buga, ko Allah ya sa wani nasa ya gani, ni kuma in sauke." Na ce, "To, Baba." Ya faɗa mini, na rubuta a bayan littafina na lissafi.

Jama'a, ban aika ba. Ba ƙi na yi ba, gobe ce ta cuce ni. Yau ƙwallo, gobe jarrabawa, jibi ban san adireshin jarida ba, ban kuwa tambayi kowa ba. Aka yi hutu, aka tattara tsofaffin littattafanmu aka ba wata mai ƙosai ta riƙa ƙunshi da su. Da na farga na je wurinta, ta ce ai sun ƙare tuni. Abin da ya fi wannan muni shi ne, da Baba ya tambaye ni, "Akawu, ka aika?" sai kunya ta kama ni na ce, "Na aika, Baba." Ya ce, "Madalla, Allah ya yi maka albarka." Ƙaryar nan ita ta rufe mini ƙofa, don ba ni da bakin da zan koma in ce ya sake faɗa mini sunan. Ko wane hutu in na zo gaishe shi ya kan ce, "Ba wanda ya amsa tukuna?" In ce babu. Ya ce, "To, mu dai mun yi namu."

Yau shekara goma sha biyar ke nan da rasuwarsa, cikin damina, ina can wani gari wajen karatu. Sai ran sadakar uku na iso. Bayan an watse na roƙi ɗansa ya nuna mini akwatin. Gara ta cinye littafin sallama saura bango. Lambobin na nan sun yi tsatsa. Gammon kuwa an ga tsumma ne an zubar. Na tambayi mutanen gidan ko akwai wanda ya riƙe sunan da ya kan kira da dare, kowa ya faɗi nasa dabam. Ni kaina na yi ta juya ƙwaƙwalwata, sunan farko kaɗai ya rage mini, shi kuwa suna ne da ko wane gida a ƙasar Hausa akwai mai shi. Hausawa sun ce alkawari kaya ne. Ɗan dako ya ɗauki nasa shekara sittin bai yar ba, ɗan makaranta ya ɗauki nasa wata uku ya kai wa mai ƙosai.

A Taukkyan, arewa da birnin Yangon, akwai babbar maƙabartar soja, a tsakiyarta an gina ginshiƙai an sassaƙa sunayen mutum kusan 27,000 waɗanda suka mutu a yaƙin Burma ba a san kabarinsu ba, da 'yan Afirka ta Yamma a cikinsu. Hukumar da ke lura da kaburburan nan ta sa sunayen a intanet, kowa na iya dubawa. Na raba dare ba sau ɗaya ba ina bin sunayen mutanenmu ɗaya ɗaya. Na san na wuce ta kan abokin Baba, amma ba ni da abin da zan gane shi da shi.

Ku dubi bambancin rubutu da rashinsa. A cikin rundunar nan tasu Baba akwai wani Bayarabe daga ƙasar Owo, Isaac Fadoyebo, ma'aikacin asibitin soja. Shi ma cikin Maris 1944 aka harbe shi a bakin Kaladan, aka bar shi don an zaci ba zai tashi ba. Wani Musulmi talaka mutumin wurin, Shuyiman, ya ɓoye shi tare da wani sojan Saliyo, David Kargbo, yana ciyar da su wata da watanni, alhali in mutanen Japan sun gane kashe shi za su yi. Fadoyebo ya komo gida, ya zauna ya rubuta labarinsa da hannunsa, aka buga a 1999. Wani ɗan jarida Bature, Barnaby Phillips, ya karanta, ya neme shi a Ikko, sa'an nan a 2011 ya tafi har Arakan ya gano 'ya'yan Shuyiman, ya kai musu takardar godiyarsa. Fadoyebo ya rasu a 2012, saƙonsa ya isa. Tsakaninsa da Baba Soja ba bambancin wahala ko na amana. Ɗaya yana da alƙalami a hannunsa, ɗaya kuwa ya ara ne wurin yaron da bai san nauyin abin da aka ba shi ba.

Na san akwai masu cewa, ai yaƙin Turawa ne, ina ruwanmu da tuna shi? Na ji wannan magana a ofis, daga bakin masu ilmi kuwa. Akwai gaskiya a cikinta. Ba a yi shawara da talakan Zazzau ba kafin a ɗauki ɗansa, ƙasar na hannun Ingilishi har 1960. Ba a kuma yi musu adalci wajen biya ba. Takardun gwamnatin Ingila da 'yan jarida suka tono a 2019 sun nuna a rundunonin Afirka ta Gabas kuɗin sallamar farin soja maras muƙami sule 10 ne a kan ko wane wata da ya yi, na baƙi kuwa sule 3 da sisi. Su Ingilishi da kansu suna kiran Runduna ta 14, wadda Janar Slim ya shugabanta a Burma, rundunar da aka manta. To, in an manta da mai doki, ina labarin mai yankan ciyawa?

Amma ni a ganina wannan hujja ce a kanmu. In wanda ya aike su bai riƙe su ba, mu da suka fito daga cikinmu mu ma sai mu yar da su? Yaƙin na wani ne, amma wuyan da ya ƙage na maƙwabcinmu ne, uwar da ta mutu tana duban hanya kuma tamu ce. Manya sun sami mai tuna su. Samanja Chari Maigumeri, wanda ya fara soja a hannun Jamus a Kamaru, ya komo wajen Ingilishi, ya yi yaƙin Habasha da na Burma, har ya je naɗin Sarauniya a 1953, ga bariki can a Lakwaja da sunansa, ya kuwa cancanta. Ɗan dako fa? Ba shi da bariki, ba shi da titi. In bai sami wuri a littafin ɗan garinsu ba, ba shi da wuri ko ina.

Ko wace shekara ran 15 ga Janairu a kan yi bikin tunawa da sojan Nijeriya. Da can ran 11 ga Nuwamba a ke yi, aka mai da shi ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. A kan ajiye furanni, a saki tattabaru, a yi addu'a a watse. Ban raina wannan ba. Amma fure ba ya riƙe suna.

Saboda haka ga roƙona gare ku, malaman makaranta da akawuna da malaman zaure, ku da Allah ya ba alƙalami, ko na boko ko na ajami. Mutanen Burma sun ƙare, sai ɗai ɗai da suka kai shekara ɗari ko suka kusa. Amma akwatunansu na nan a ƙarƙashin gadaje, 'ya'yansu kuma na nan da sauran abin da suka ji. Bayansu ga waɗanda suka je Kwango daga 1960, ga na yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sun tsufa, ga na Laberiya da Saliyo daga 1990, ga kuma samarin da ke komowa daga Arewa maso Gabas, waɗansu da sanda, waɗansu ba sa barci. Ba unguwar da za a rasa ɗaya.

Ka sayi littafi sabo, kada ka yi a bayan na lissafi. Ka je da goro ka gai da shi, ka zauna ƙasa. Ka rubuta cikakken sunansa da na ubansa da ƙauyensu, da lambarsa ta soja, da bataliyarsa, da shekarar da ya shiga da wadda ya fita, da wuraren da ya taka kamar yadda bakinsa ya faɗe su, kada ka gyara masa. Ka tambaye shi waɗanda suka mutu a gabansa, ka rubuta su ɗaya ɗaya, don watakila kai ne na ƙarshe da zai ji sunayen nan. Kada ka matsa masa a kan abin da ba ya so ya faɗa. In yana da littafin sallama ka ɗauki hotonsa shafi shafi tun gara ba ta riga ka ba. Ka yi kwafi uku, ɗaya na iyalinsa, ɗaya na makarantar garin, ɗaya ka kai inda a ke adana takardun tarihi, kamar Gidan Arewa a Kaduna. Malamin makaranta kuma ya iya raba wa manyan 'yan ajinsa wannan aiki lokacin hutu, ya fi a sa su haddace sunayen sarakunan wata ƙasa. Abin da ya fi duka, in tsoho ya ba ka saƙo ka kai a makon nan, in kuwa ka kasa ka gaya masa gaskiya.

Saura magana ɗaya, Malam Edita, ita ce ainihin dalilin wannan takarda. Ko da ya ke na makara, suna kuma ya ɓace, ina so in aika da abin da ya rage. In akwai wani gida a ƙasar Katsina da tsofaffi suka taɓa faɗin wani saurayi nasu da aka ɗauka soja zamanin yaƙin Hitila, aka sa shi cikin 'yan dako, aka tafi da shi Bama bai komo ba, ba a kuma ji yadda ya ƙare ba, to, ga saƙo daga abokinsa. Ya cika a hannun wanda ke ƙaunarsa, kafin asuba, a bakin wani rafi cikin kwarin Kaladan. Yana kwance a gindin gora. An yi masa salla.

Allah ya ji ƙan Baba Soja da abokinsa, da dukan waɗanda suka kwanta a ƙasar da ba tasu ba. Ni kuma Allah ya yafe mini. Iyakar abin da zan ce ke nan a wannan mako. Haza wasalam.

Ni ne naku,
Akawun Gindin Durumi.